Dutsen Sama da Ruwan Teku: Yadda Sanyi Ke Taɓa Damina

Wannan jawabi an shirya shi ne domin mazauna Coal Camp a Inugu, da 'yan'uwansu na Fatakwal da Anaca, da sauran 'yan ƙasa baki ɗaya.

Ran 3 ga watan Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama cikin wata gona kusa da Zagami, a Lardin Katsina. Daga baya masana suka tabbatar cewa ɓalli ne daga duniyar Mirrihi. Irin wannan ƙaramin dutse ba ya sauya yanayi. Amma shekaru miliyan 66 da suka shige wani mai faɗin kilomita 10 ya faɗa a gaɓar ƙasar Meziko. Ƙura da hayaƙin farar wuta suka turnuƙe sararin sama, suka tare hasken rana, duniya ta yi shekaru cikin duhu da matsanancin sanyi. Tsirrai suka mutu, kashi uku cikin huɗu na ire-iren halittu suka ƙare. Kwal ɗin da aka gano a tsaunukan Udi a 1909, wanda ya ba Coal Camp sunanta, ragowar dazuzzukan fadama ne da suka tsiro kafin wannan masifa.

Faɗowar irin wannan ƙaton dutse sai bayan miliyoyin shekaru. Abin da ke taɓa manomi kowace shekara shi ne teku. A cikin Tekun Atlantika akwai magudanai kamar manyan koguna, masu kwashe ruwan ɗumi daga yankuna masu zafi zuwa arewa. Can ruwan yakan huce, ya yi nauyi saboda sanyi da gishiri, ya nutse, sa'an nan ya komo kudu ta ƙarƙashi. Idan tafiyar nan ta yi rauni, arewacin tekun yakan yi sanyi, gajimaren damina kuma ya ja da baya zuwa kudu. Haka ta faru kimanin shekaru 12,900 da suka wuce: sanyi ya koma Turai fiye da shekara dubu, Afirka ta Yamma kuwa ta bushe.

Mazauna kudu sun san alamar wannan hulɗa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku a Mashigin Gini, kuma yana cikin dalilan da ke sa ruwan sama ya ɗan tsagaita a kudu cikin Agusta, daidai lokacin da ake marka a Kano da Sakkwato.

Farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka halaka dabbobi suka kori iyalai da yawa zuwa birane, suna da alaƙa da wannan. Bincike ya nuna cewa a shekarun nan arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka gwada da kudancinsa, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen haka. Yau kuwa ɗumamar duniya na narkar da ƙanƙarar Girinlan, ruwan da ba gishiri yana kwarara cikin teku, masana kuma suna gargaɗi cewa hakan zai iya rage ƙarfin magudanan.

Saboda haka, ɗan kasuwa mai sayo hatsi ko shanu daga Arewa, da wanda ya bar gona a hannun dangi, ya kamata su riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Su isar da labarin gida da wuri, domin a zaɓi irin da ya dace, a kuma ajiye hatsi a rumbu kafin buƙata ta taso. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.