Awoyin Tuƙi da Haƙƙin Barci: Jawabin Kwamitin Sufuri a Taron Shekara

 

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan sufuri, mu kuwa muka zaɓi ɓangare guda: yawan awoyin da direban babbar mota yake yi a kan sitiyari, da hutun da ya wajaba ya samu. Da wuya a sami zuri'a a garinmu da ba ta da direban tirela ko na tanka ko yaron mota, kuma da yawa daga iyayen gidansu, masu motocin, suna zaune a wannan zaure. Duk wanda ya taɓa duba takardun asusunmu na tallafin marayu ya san inda hanya ta kai wasu gidaje.

Bari mu fara da yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin. Amurka ta kafa dokar awoyin tuƙi tun a ƙarshen shekarun 1930, kuma daga shekarar 2000 hukumar FMCSA ce ke kula da ita. Direban motar kaya ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, kuma sai bayan ya huta awa 10 a jere. Daga lokacin da ya kama aiki yana da awa 14, da zarar sun cika ba sauran tuƙi, ko da rabinsu a layin lodi ya ɓatar. Idan ya tara awa 8 na tuƙi, dole ya dakata minti 30. A mako kuma, da zarar aikinsa ya kai awa 60 cikin kwana 7, ko 70 cikin kwana 8, sai ya ajiye mota. Hutun awa 34 a jere shi ke ba shi damar soma sabon lissafi.

Abin da ke riƙe da wannan duka shi ne littafin direba. Kowace rana tana da shafinta, an tsaga shi awa 24, kowace awa an kasa ta huɗu. Akwai layuka huɗu a kwance: na hutu, na kwanciya a gadon da ke bayan kujerar direba, na tuƙi, da na aikin da ba tuƙi ba, kamar lodi, shan mai ko duba taya. Direba yana jan layi da biro, duk lokacin da halinsa ya sauya sai ya koma layin da ya dace, ya rubuta garin da yake, a ƙarshe ya sa hannu. Jami'i na iya tsayar da shi ya nemi shafin yau da na kwana 7 da suka wuce. In ya ga an ƙetare iyaka, nan motar za ta kwana.

To, ɗan Adam ɗan tara ne. Da yake galibi bisa nisan tafiya ake biyan direbobin can, wasu suka riƙa ajiye littafi biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na nuna wa hukuma. Wannan ne ya sa daga Disamba 2017 aka tilasta wa yawancinsu sanya na'urar da ke haɗe da injin mota, wadda ke rubuta lokacin tuƙi da kanta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daɗe da irinta, suna kiranta takogiraf, kuma dokarsu ta 2006 ta fi tsanani: awa 9 a rana, a yarda da 10 sau biyu kawai a mako, hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, sannan kada a wuce awa 56 a mako ko 90 a mako biyu.

Waɗannan alƙaluma ba da ka aka yanke su ba. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Direbanmu da ya yi alwala ya yi sallah, wanda bai taɓa kusantar kwalba ba, yana iya kasancewa a wannan hali bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka gyangyaɗin daƙiƙa huɗu tafiyar mita 100 ce babu kowa a sitiyari. Goro da Nescafé suna jinkirta barci ne kurum. Gadagi da tiramol kuwa ɓoye gajiyar suke yi, su ƙara wata cutar a kanta. Barci bashi ne, kuma ya fi zuwa karɓar kayansa tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba, daidai lokacin da motocinmu suka fi cika hanya don gudun zafin kwalta.

Littafin ma yana da iyakarsa. A Yunin 2014 wata tirela ta afka wa motar ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a jihar New Jersey, mutum ɗaya ya rasu. Binciken hukuma ya gano direban ya haura awa 28 bai runtsa ba, domin ya kwana yana tuƙa motarsa ta gida zuwa wurin aiki kafin ya ɗauki tirelar. Waɗancan awoyi ba su shiga kowane littafi ba.

Mu dawo gida. Daga Kano zuwa Ikko kusan kilomita 1,000 ne. In muka ƙaddara mota da lodi tana cin kilomita 50 a awa, awa 20 ke nan a kan sitiyari, wato tafiyar kwana biyu da cikakken barci a tsakani bisa kowane ɗaya daga tsarin nan biyu. Nawa ne cikinmu, masu motoci, ke ba direba wannan sarari? Muna biyansa bisa sawu, muna buga masa waya a Mokwa muna tambayar me ya tsayar da shi, bayan ya yi kwanaki a layin Apapa yana barcin zomo. Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ta fara tilasta na'urar taƙaita gudu a 2017, amma na'urar gudu ba ta auna gajiya.

Direbobi za su ce, kuma da gaskiyarsu, ba ko'ina ake tsayawa ba. Wanda lokacin hutunsa ya riske shi a dajin da ake fashi ko satar mutane, dole ya wuce. Ko a Amurka sai da aka kashe wani direba a 2009 a wurin da ya raɓe ya kwana, kafin dokar 2012 ta ba samar da wuraren ajiye manyan motoci muhimmanci. Don haka tun kafin a tashi ya kamata a tsara zango, a san ko Tafa za a kwana, ko Jebba, ko Ogere, maimakon a bari sai ido ya rufe.

Abin da kwamiti ke roƙo a wannan zama kaɗan ne. Ƙungiya ta buga ɗan littafi mai layukan nan huɗu, da Hausar boko da ajami, a raba wa motocin 'ya'yanta. Lokutan sallah sun riga sun yanka mana yini, sai a ƙara minti 30 a kan tsayuwar azahar da ta magariba, a rubuta. Duk motar da za ta kudu a sa mata direba na biyu mai lasisi, a daina miƙa wa yaron mota sitiyari da tsakar dare. Mai mota kuma ya biya kuɗin kwanan hanya dabam da kuɗin sawu, domin muddin hutu daga aljihun direba yake fita, littafi biyu za a ajiye mana kamar yadda aka yi a Amurka. Mun bar takarda a wurin sakatare, masu motocin da suka amince a fara da su sai su rubuta suna da lambar mota kafin a tashi.

Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.