Hajiya Barmani Coge Da Sana'ar Ƙwarya



Malam Shugaba, malamanmu, dattawan gari, iyayenmu mata da ke zaune can gefen rumfa, da sauran 'yan'uwa Hausawa mazauna Kujama da kewaye, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya. Kasuwa kuma Allah ya sa mata albarka.

Da aka ce mu yi magana a kan wata mace da ta shahara wajen haɗa wasan kwaikwayo da waƙa, wasu sun zaci za mu ɗauko ɗaya daga cikin 'yan fim ɗin Kano. Za mu zo kansu in an jima. Wadda muka zaɓa ita ce marigayiya Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta fi sani da Barmani Coge, mai amada ta Funtuwa. Mun san wani zai ce, ai wannan mawaƙiya ce, ina ruwanta da wasan kwaikwayo? To, a yi haƙuri a saurara.

A Ingila da Amurka akwai gidajen wasa da ake yankan tikiti a shiga, inda mace za ta hau dandali ta zama wata daban, ta yi magana, ta yi waƙa da muryarta, ta taka rawa, duk a cikin labari guda. Wannan abu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gini ne kawai da tikiti ba mu da su. Duk wanda ya yi yarinta a Zariya ko Katsina ya san tashe, da ake farawa idan azumi ya kwana goma, inda 'yan mata ke yin wasan Mairama da Daudu, wata ta zama miji, wata ta zama amarya, ana waƙa ana amshi. A gidajen sarauta kuma akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Watau dai macen Bahaushe ta daɗe tana haɗa kwaikwayo da waƙa. Daga wannan tushe Barmani ta fito, sai dai ita ta mai da abin sana'a, ta ci abinci da shi kusan shekara 40.

An haife ta a ƙauyen Gwaigwayi, kusa da Funtuwa, cikin shekarun 1940. Matasanmu ƙila ba su sani ba, 'yar jiharmu ce ta tashi, domin Funtuwa tana cikin Jihar Kaduna har zuwa 1987 da aka yanke Jihar Katsina. Funtuwa kuwa gari ne irin namu, garin zuwa. Jirgin ƙasa da auduga suka tara mata jama'a daga ko'ina, kamar yadda jirgi ya tara mutane a Kafancan. A irin wannan gari kowa nema ya kawo shi, kuma ba a cika tambayar mutum ɗan gidan wane ne ba kafin a saurari abin da ya iya. A nan ne Alhaji Mamman Shata ya zauna, a nan kuma Barmani ta yi suna.

An yi mata aure da ƙuruciya. Mijinta makaɗin garaya ne, saboda haka ba ta sha wahalar da wasu mata ke sha ba wajen neman izini. A gidansa ta haifi 'ya'ya 12. Sai da ta zama uwa, tana cikin ɗakinta, sannan ta rungumi amada sosai, a farkon shekarun 1970. Jama'a, a riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Mece ce amada? Iyayenmu mata sun fi mu sani, amma saboda yara bari mu faɗa. Kiɗan ƙwarya ne na mata. Akan kifa ƙwarya manya da ƙanana, wata a ƙasa, wata a kan ruwa cikin babban mazubi don ta ba da amo mai zurfi, mata su zauna suna bugawa, su ne kuma 'yan amshi. Shugabar tana tsaye a tsakiya. A gidan suna da gidan biki ake yi, wurin yinin mata. Kafin Barmani da lokacinta akwai gwanaye, irin su Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, amma sunan Barmani ne ya fi zagaya ƙasa.

Wanda ya ji ta a kaset kawai, rabin abin ya samu. Wanda ya gan ta a fili ko a talabijin ya san ba tsayawa take yi ƙiƙam tana rera waƙa ba. In tana batun kishi, sai ta zama uwargidan da aka kawo wa labarin miji zai ƙara aure: fuska ta canja, tafiya ta canja, a ga harara, a ga murguɗa baki, 'yan amshi suna mayar mata kamar maƙwabta sun shigo ba da haƙuri. Kafin a ankara ta juya ta zama wata. Matan da ke wurin kuwa ba kallo kaɗai suke yi ba, kowacce ta san wadda ake nufi a gidansu, sai ta miƙe ta shiga fili ta yi liƙi, ta rama abin da ta kasa faɗa da bakinta wata shida. In wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, to, ba mu san sunan da za a ba shi ba.

Waƙoƙinta ba na sarakuna da yaƙi ba ne, na cikin gida ne. Akwai "Gwarne Ikon Allah", inda ta tsaya wa macen da ta yi ciki ba ta yaye na goye ba, wadda aka saba yi wa dariya a unguwa. Mai 'ya'ya 12 ce ke magana, ta san zafin abin. Akwai "Sakarai Ba Ta Da Wayo", wadda mata suka mai da sandar habaici tsakaninsu. Akwai "Allah Ka Ba Mu Nairori", addu'ar da babu ɗan kasuwar da zai ƙi cewa amin. Amma wadda ta fi shiga ranmu, mu 'yan kasuwa, ita ce wadda take kiran mata su tashi su kama sana'a, kada su zauna jiran abin da miji zai ajiye. Wannan baiwar Allah tana shiga gida gida da ƙwarya tana faɗin haka, a harshen da matar kulle za ta gane ta yi dariya, ta kuma tashi gobe ta ɗora tukunyar ƙosai. Allah kaɗai ya san yawan mai ƙuli-ƙuli da mai saƙar hula da mai adashin da wannan waƙa ta zaburar.

Yanzu bari mu yi mata lissafi irin namu na kasuwa. Jarinta ƙwarya ce, wadda ko ta fashe akwai mai ɗinki a kasuwa. Ba lantarki, ba janareta, ba hayar shago. Ita ke tsara maganar, ita ke rerawa, ita ke wasan, 'yan amshinta nata ne. Ba dillali tsakaninta da masu sauraronta. Abin da aka liƙa mata a fili, shi za ta raba da yaranta ta kai sauran gida. Wannan sana'a ce da mai ita ya riƙe ta tun daga gona har bakin kasuwa, kuma duk ɗan kasuwa ya san irinta ba ta saurin karyewa.

Inda lissafin ya sha bamban shi ne wajen kaset. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 rakoda ta shiga kowane gida, masu gurza kaset suka cika tashoshin mota da bakin kasuwanni. Direbobin da ke bin wannan hanya tamu, daga Kaduna zuwa Kaciya ɗaukar citta, har Kafancan, da wuya a rasa kaset ɗinta a motarsu. Rediyon Kaduna ma yana sawa. Suna ya tafi har inda ƙafarta ba ta taka ba. To, amma yadda aka saba a lokacin, mai gurzawa shi ke cin ribar, mawaƙi sai dai a gaishe shi. Wannan bai tsaya kanta ita kaɗai ba, haka aka yi wa yawancin makaɗan Hausa.

Kaset ya yi wata ɓarnar kuma da ba a cika faɗa ba. Gaskiya ne a cikin waƙoƙinta akwai masu nauyi, waɗanda ba za mu so a sa su gaban yara ba, har da wadda ta yi a kan surar jikin mace. Sai dai a tuna inda aka shirya su don a yi: tsakar gida, mata zalla, matan aure da tsofaffi suna yi wa amarya wasa da karatun zaman aure. Maganar ɗaki ce. Na'ura ce ta ɗauko ta ta ajiye a tasha, inda ɗan kamasho da yaron mota ke ji. Daga baya ita ma ta fita fili, ta yi wasa a tarurrukan da maza ke ciki, kuma malamai da dama ba su ji daɗin haka ba. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, ba za mu shiga gonarsu ba. Abin da muka tsinta a Islamiyya dai shi ne, a cikin Buhari an ruwaito Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin mutanen Madina suna son haka. Mun kuma san Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajis da 'yan taru. Saboda haka a ganinmu abin dubawa shi ne me aka faɗa, a ina, kuma gaban wa.

To, mu zo kan 'yan fim. An fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano da "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Da "Sangaya" ya fito a 1999, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, sai rawa da waƙa suka zama gishirin kowane fim. Tsarin kuwa na Indiya aka ɗauko, inda irin su Lata Mangeshkar ke rera waƙa a ɗakin ɗaukar murya, 'yar wasa kuma ta motsa baki a gaban kyamara. Haka aka yi a Kano: wani ya rubuta, wata ta rera, fiyano ya ba da kiɗa, mai kuɗi ya mallaki fim, yarinya ta ba da fuska. Ba raina su muke yi ba, a cikinsu akwai masu basira ƙwarai, kuma aikin da wuya. Amma ku dubi matsayinta a wannan ciniki. Fuskarta ce a jikin fasta, ita ake zagi in abu ya ɓaci, ita ake dakatarwa. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar nan Kaduna, saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki. Da yawansu kuma ranar ɗaurin aure ita ce ranar ajiye sana'a, in auren ya mutu a dawo a tarar wasu sun cike gurbin. Barmani kuwa daga ɗakin aure ta fara, tsufa bai rage mata kasuwa ba, sai ma ƙara mata kwarjini da ya yi, domin abin da take sayarwa ba ƙuruciya ba ne. Ta yi ta yi har ciwo ya kwantar da ita. Ta rasu a Funtuwa a farkon watan Maris na 2013. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana gaban ƙungiya shi ne halin da bukukuwanmu ke ciki a nan Kujama. Mu baƙi ne da nema ya zaunar da mu tare da 'yan'uwanmu Gbagyi da sauran ƙabilu, 'ya'yanmu da yawa a nan aka haife su, wasu ba su taɓa kwana a garin kakanninsu ba. Hausar kasuwa suna ji, amma karin magana da habaici da zambo, irin Hausar da ake tsinta a wurin yinin mata, tana neman kuɓuce musu. Yau in ana biki sai a kira mai dije, ya kafa lasifika a kan titi, maza da mata a cakuɗe har dare, maƙwabta suna ƙorafi, a biya shi kuɗinsa cif tun kafin ya kunna. Alhali kuwa a cikin unguwannin nan akwai tsofaffin da suka iya buga ƙwarya, in an kira su ma sai a bar su da abin da aka liƙa da ragowar tuwo.

Roƙonmu ga iyayenmu mata na wannan ƙungiya shi ne su bincika mana su waye suka iya amada a Kujama da ƙauyukan kewaye, su kawo wa sakatare sunayensu kafin zama na gaba. Yaranmu masu waya su je su ɗauki muryoyinsu, da izininsu da na mazajensu, a ajiye a ofishin ƙungiya, kada a watsa a tasha. Mai biki kuma in ya gayyace su yinin mata, ya yi ciniki da su tun da fari kamar yadda yake yi da mai dije da mai hayar kujeru, liƙi ya zama ƙari a kai. Batun nawa za a tsayar, wannan mun bar wa kwamitin mata, su suka san kuɗin ƙwarya a kasuwa yanzu.