Mu Miƙe Ƙafa: Jawabin da Wata 'Yar Ƙungiya Ta Yi Ranar Bikin Cika Shekara



Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata, mazajenmu da sunka daure sunka zo, da ɗiyanmu da ke can baya suna hayaniya, ina gaishe ku duka. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ta riga ta karanta muna lissafin kuɗi. Ni maganar ƙafa aka ba ni, wato tafiyar ƙasa don lafiyar jiki. Na ga wasu sun fara murmushi. Na san abin da ke ranku: mu da muka tashi da daka da surfe da ɗibar ruwa, wa zai koya muna motsa jiki? To mu faɗa wa juna gaskiya. Wannan aikin iyayenmu ne sunka yi shi. Yau niƙa inji ke yi, kasuwa a mashin ko Keke Napep muke zuwa, in mun isa kuma mu zauna kan kujera 'yar tsugunno tun hantsi har la'asar sakaliya. Hannu na auna shinkafa, baki na ciniki, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Ku ƙirga a cikin ɗakin ga mu nawa ke shan maganin hawan jini, mu nawa gwiwa ke hanawa sujada sai a kan kujera. Kuma ba tsofaffi ba ne, sa'o'ina ne.

Wanga lamari ya shafi asusunmu kai tsaye. Mace in ta kwanta, rumfarta ta rufe, zubin adashi ya tsaya, jarin da ƙungiya ta ranta mata ya tafi asibiti a Kalgo ko Birnin Kebbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar motsa jiki na akalla minti 150 a mako. Mun yi lissafin a aji: rabin awa ke nan, kwana biyar. Ba gudu anka ce ba. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda za ki ji numfashinki ya ƙaru amma kina iya hira da ta kusa da ke.

Bari in ba ku labarin abin da na gani a Legas, lokacin da na bi motar albasa zuwa kasuwar Mile 12. Ɗan yayata da ke zaune can ya kai ni wani wuri a Lekki, Lekki Conservation Centre. Tun 1990 anka keɓe shi, faɗinsa hekta 78. Fadama ce, irin ta bakin teku, ruwa kwance baƙi ƙirin a ƙarƙashin itatuwa. Gidajen masu kuɗi sun kewaye ta ko'ina, amma an hana kowa ya cike ta ya yi gini. Sun shimfiɗa hanyar katako a kan ruwan, kina tafiya ƙafarki ba ta taɓa laka, birai na tsalle a kanki. Akwai wata gada da anka rataya can sama tsakanin itatuwa, tsawonta mita 401. Wannan kam na ce musu a kai kasuwa, ni a ƙasa Allah ya halicce ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutane kuɗi suke biya a ƙofa, su yi layi, don kawai su taka cikin fadama su kalli tsuntsaye. Har da mata masu shekaruna, da takalman roba da gorar ruwa a hannu.

Mu kuwa a Kabi fadama muke kwana muke tashi da ita. Gulbin da ya biyo ta Argungu ya wuce ta gefen Birnin Kebbi kafin ya je ya faɗa Kwara, duk gefensa shimfiɗar shinkafa ce iya ganinki. Duniya ta san Matan Fada saboda bikin kamun kifi, wanda anka fara a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Amma bikin kwana kaɗan ne. Sauran shekara ruwan na nan, da bado da kainuwa, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da balbela bayan shanu, da kirinjijiya da ke wucewa garke-garke suna fito. Malaminmu ya gaya muna cewa wasu tsuntsayen da ake gani a fadamun Arewa lokacin hunturu tun daga Turai suke tasowa, su ƙetare Sahara, shi ya sa a 2000 anka sa fadamar Nguru cikin waɗanda duniya ta yarda a kare. Tsuntsu ya taso daga Turai don ya ga abin da mu ba mu ɗaga kai mu kalla. Jan-baki kaɗai muka sani, don shi ke cinye muna shinkafa.

Kuma fadama ba don kallo kaɗai take ba. Ita ke shanye ruwan damina ta riƙe shi, har a samu na noman rani. Duk mun tuna ambaliyar 2020, yadda ruwa ya kwashe gonakin shinkafa a jihar nan, da yadda farashin kwano ya tashi a hannunmu. Ruwa in ya rasa makwancinsa, cikin gari yake nema. Don haka in mun fita, ledar fiya wata da ta biskit ɗin yara mu dawo da su gida. Leda ke toshe magudana, ita ke kashe muna awaki.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya. Mu fara da nan gida, ba sai an hau mota ba. Bayan sallar asuba, in gari ya waye tangaran, mu haɗu mu biyar ko shida na unguwa ɗaya, mu bi hanyar gonaki minti goma sha biyar, mu juyo. Kafin yara su gama shirin makaranta mun dawo. Yanzu da hunturu ya fi daɗi. In bazara ta shigo, watan Maris da Afirilu, kar wadda ta fita bayan rana ta ɗaga. Da damina kuma a bi turba, a bar cikin ciyawa saboda maciji. Sa'an nan sau ɗaya bayan girbi mu haɗa kuɗin mota mu kai ɗiyanmu Argungu, su taka bakin gulbi, su shiga gidan tarihi na Kanta. Da yawa cikinsu a littafi kaɗai sunka san Kanta.

Sharuɗɗa kaɗan ne amma kar a yi wasa da su. Ba a fita ke kaɗai, ba a fita da duhu, ba a nisa da gari, kun dai san halin da ake ciki. Gona ta mai ita ce, a bi gefe, kar a tattake wa mutum shuka. Yara kar su shiga ruwan da ke kwance, nan ake ɗaukar tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini. Mai ciwon suga ta sa takalmi rufaffe, ta duba tafin ƙafarta in ta dawo, don ƙaya kan shige ta ba ta ji ba. Mai tsohon ciki, da wadda ke jin ciwon ƙirji ko jiri, ta fara tambayar ma'aikaciyar asibiti.

Saura maganar mutane. Za a ce matan ƙungiya sun fara yawon banza da sassafe. Za a faɗa, mako biyu, a gaji. Shi ya sa na ji daɗi da mazajenmu ke nan. Malam, izininku muke nema, a gaban jama'a. Da hijabinmu za mu fita, a ayari, hanyar da kowa ke gani. Kuɗin maganin hawan jini na wata-wata daga aljihunku yake fita, kun fi mu sanin nauyinsa. Waɗanda ke tara kuɗin kujerar Makka kuma, ku tambayi Hajiyoyinmu: safa da marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina. Wadda ba ta saba ba, keken guragu ake tura ta, kuma da kuɗi.

Abu na ƙarshe, ina ba da shawara a cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon jini guda ɗaya, irin mai batir da ake ɗaurawa a damtse. Lambobi biyu take nunawa, na sama da na ƙasa, kuma yanzu alhamdu lillahi muna karanta lamba. Duk ranar taro a auna kowa, a rubuta a littafi kusa da sunanta. Wadda nata ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, aka sake aunawa wata rana ya maimaita, a raka ta asibiti, kar ta tsaya shan jiƙe-jiƙe. Bayan wata shida mu buɗe littafin mu gani.

Sakatariya na bakin ƙofa da takarda. Wadda ke so ta rubuta sunanta da unguwarta da hannunta, ba dangwale. Za mu fara ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.