Fadar Hidi a Bisa Dutsen Sukur

Can bisa duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, akwai fadar Hidi, watau Sarkin Sukur. Maginan ganuwarta ba su kwaɓa ƙasa ba. Duwatsu kurum suka jera, kowane ya danne ɗan'uwansa, har suka kewaye fadar. Hanyar hawa ma shimfiɗe take da falalen duwatsu. Ƙarfin wannan sarauta kuwa daga tama ya samo, domin mutanen Sukur sun shahara wajen narka ƙarfe.

A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. Cikin 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka cinna wa gidaje wuta, har da ɗakunan fadar.