Jawabin Magatakarda: Wayarka Ta San Hanyarka



Yaran shagunanmu sun dame ni da tambaya kan manhajojin da ke ba da tukuici idan ka bari suka kwashi bayanan wayarka. Kowace babbar waya tana da na'urorin da ke auna motsi, ƙara da wurin da kake. Kamfanoni na tara irin wannan don koya wa mutum-mutumi zirga-zirga cikin jama'a.

Sun ce suna cire suna. To, wayar da ke kwana a gida ɗaya a Maraɗi, duk ranar kasuwa ta yi sammako ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya, wa zai kasa gane mai ita? Mu da ke tafiya da kuɗi a jiki, hanyarmu sirrinmu ce. Tukuicin kuma sau da yawa maki ne, ba sefa ba, ba naira ba, ga cin data da caji.

Shawarata, kada a saka ta a wayar ciniki. Wanda ya nace, ya kashe GPS kafin ya kama hanya, kuma kada ya biya ko sisi da sunan rajista. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Allah ya tsare mana hanya, ya ƙara haɗa kanmu.