Tsatsa a Tankin Mai

Jama'ar Nima da Maamobi, masu mota da direbobi, ku saurara.

Ankara bakin teku take, iskarta da laima. In ka bar tankinka ba mai sosai, raɓa takan taru a ciki da dare. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindi ya ci ƙarfe. Ɓarɓashin tsatsa ya toshe matatar mai, mota ta riƙa mutuwa a hanya da fasinja a ciki.

Ga magani. Da fari cire kan batir. Juye man a jarka mai murfi, a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Kada ka zuba shi a kwata. Ku tuna ran 3 ga Yuni 2015, da fetur ya bi ruwan ambaliya a Circle ya kama wuta, mutum fiye da 150 suka hallaka.

Sa'an nan kwance tankin, zuba tsakuwa da ruwan sabulu, girgiza ƙwarai, ɗauraye har ruwan ya fito garau. Shanya shi ya bushe sarai, ka sake matata.

In ya huje, kada ka kai wa mai walda. Ko ba ɗigon mai a ciki, tururinsa na nan, yana ganin wuta sai ya fashe. Je Abossey Okai ka nemi wani. Kuɗi ana samun wasu, rai kuwa ɗaya ne.

Daga nan riƙa cika tanki, musamman da damina.