Jawabin Shugaban Matasa Ga Ɗalibanmu Masu Karanta Tarihi A Jami'a



Ni dai difloma gare ni, ban yi digiri ba, don haka malamai ku yi mini afuwa in na shiga gonarku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ɗalibi zai kammala digirin tarihi, ya jero maka sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe tsaf, amma ka ce ya bayyana maka dalilin faruwar abu, sai ya yi shiru.

Ga misali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Auduga Turawa suka sa rai za a noma musu saboda masaƙun Ingila, amma manoma suka rungumi gyaɗa. Me ya sa? Gyaɗa ta fi kuɗi, ana cin ta in kasuwa ta faɗi, ga haraji da dole sai da tsabar kuɗi za a biya, ga kuma fatake masu jari da suka shiga ƙauyuka saye. To, wannan amsa sai da ilimin tattalin arziki da nazarin zamantakewa ake kaiwa gare ta.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa, da haka ya yi suna. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da ya yi nazarin Katsina daga 1400 zuwa 1883, bai tsaya a fada ba, sai da ya bi noma da fatauci da ƙaurar jama'a da yadda garuruwa suka kafu.

Amma a yi hattara. Ka da nazariyya ta hau kan hujja. Wanda bai buɗe takardun Gidan Arewa a Kaduna ba, bai zauna gaban dattawa ya ji ta bakinsu ba, ko ya haddace Karl Marx da Ibn Khaldun, aikinsa da saura.

Roƙona gare ku, in kun zo zaɓen kwasa-kwasan waje, ku ɗauki tattalin arziki da kimiyyar siyasa da ƙididdiga, ku daina neman mai arhar maki. Gobe ku za a tambaya asalin rikicin manoma da makiyaya, kuma wallahi wanda bai san labarin burtali da jangali ba, sunan ƙabila kawai zai kama.

Allah Ya ba ku sa'a.